Goyon bayan Aberdeen: tambayoyi da amsoshi ga sabon shiga da tsohon hannu

Wace ƙungiya ce Aberdeen, kuma me ya sa mutum zai bar manyan Turai ya bi ta?

Aberdeen birni ne a arewa maso gabashin Sikotlan, a bakin Tekun Arewa, garin duwatsu masu launin toka da kamfanonin haƙar mai. An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafarta a 1903 da aka haɗe ƙananan kulob uku na garin: tsohuwar Aberdeen, Victoria United da Orion. Filinta Pittodrie, mai ɗaukar kusan mutum 20,000. Tun 1939 take sa jar jesi, kafin nan baƙi da ruwan zinari take sawa. Laƙabinta Dons. Tun da ta shiga babban rukuni a 1905 ba ta taɓa faɗawa ƙasa ba, ko da yake sau biyu ta tsallake rijiya da baya.

Ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau 4, a 1955, 1980, 1984 da 1985. Kofin Sikotlan sau 8, Kofin Lig sau 6, sai kofunan Turai biyu, waɗanda su ne taurari biyun da ke saman tambarinta. Babu wata ƙungiyar Sikotlan da ke da kofin Turai biyu, har Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin birnin Glasgow. Mafi yawan waɗanda suka kamu da son ta daga nesa ta hanya biyu suka shigo: ko dai ɗan Manchester United ne da ya bi sawun Alex Ferguson baya ya ga inda ya faro, ko wanda ya je karatun man fetur a Jami'ar Aberdeen ko ta Robert Gordon, abokai suka ja shi fili wata Asabar.

Me ya faru a 1983 da har yau ba a daina maganarsa ba?

Ferguson ya karɓi ƙungiyar a 1978, ya tarar da ƙashin bayanta a tsaye: Willie Miller kyaftin a baya, Alex McLeish da Jim Leighton suna tasowa, Gordon Strachan a tsakiya. A kakar 1982-83 suka shiga gasar Turai ta masu riƙe da kofin ƙalubale na ƙasashensu. Suka fitar da Sion, da Dinamo Tirana, da Lech Poznan, sannan aka haɗa su da Bayern Munich.

An tashi babu ci a Jamus. Ranar 16 ga Maris 1983 a Pittodrie, Bayern ta shiga gaba sau biyu. Ana 2-1, saura kwata a tashi, aka ba Aberdeen bugun tazara a gefen dama. Strachan da John McMaster suka taho tare kamar sun ruɗe kan wanda zai buga, suka kusa gware da juna. 'Yan bayan Bayern suka saki jiki, kafin su ankara Strachan ya juyo ya ɗago ƙwallo, McLeish ya sa kai. Shiri ne da aka daɗe ana maimaita shi a atisaye. Minti guda bayan nan John Hewitt ya ci ta uku. Tsofaffin magoya baya da yawa sun fi jin wannan daren a zuciya fiye da wasan ƙarshen kansa, don a gida aka yi shi.

Bayan an kawar da Waterschei ta Beljiyam, sai wasan ƙarshe da Real Madrid a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ranar 11 ga Mayu. An wuni ana tafka ruwa, fili ya zama fadama. Eric Black ya ci a minti na 7. Ba a jima ba McLeish ya mayar wa gola ƙwallo, ta tsaya a cikin ruwa, Leighton ya kwashe ƙafar Santillana, Juanito ya farke da fenariti. Aka tafi ƙarin lokaci. A minti na 112 Peter Weir ya ba Mark McGhee ta hagu, McGhee ya bugo kuros, Hewitt wanda ya shigo daga benci ya faɗa mata da ka. Kocin Madrid a ranar Alfredo Di Stéfano ne. Ɗaruruwan magoya baya ta teku suka je, a jirgin ruwa mai suna St Clair. A watan Disamba kuma aka doke Hamburg, zakarun Turai, 2-0 a Pittodrie aka ɗauki Super Cup.

Abin da ya kamata sabon shiga ya sani shi ne abin da ya biyo baya kwana goma da Gothenburg. Aberdeen ta doke Rangers 1-0 ta ɗauki Kofin Sikotlan, sai Ferguson ya tsaya gaban kyamara ya yi wa 'yan wasansa tatas, ya ce wasan abin kunya ne, in ban da Miller da McLeish. Da wannan mudun aka auna wani ƙarni guda na magoya baya, kuma da shi suke auna kowane koci har gobe.

To me ya rusa wannan zamanin?

Tafiyar Ferguson zuwa Manchester a Nuwamba 1986 ita aka fi ambata, amma kuɗi ne suka yi aikin. A shekarar ne Rangers ta ɗauko Graeme Souness ta shiga sayo 'yan wasan Ingila da albashin da ba wanda zai iya biya a Sikotlan. Kafin nan, a farkon shekarun 1980, an daina raba kuɗin ƙofa tsakanin mai gida da baƙo a wasannin lig, kowa ya ci abin da ya tara a gidansa. Filin Celtic yana ɗaukar kusan 60,000, Ibrox na Rangers kusan 50,000. Ka haɗa wannan da 20,000 na Pittodrie, sau 19 a kaka, shekara bayan shekara. Hukuncin Bosman na 1995 ya ƙara gishiri a miki, domin ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare zai kama gabansa ba a biya ko sisi ba.

Duk da haka ba a rana ɗaya aka durƙushe ba. A kakar 1989-90 an ɗauki kofuna biyu, ciki har da Kofin Sikotlan da aka ci Celtic 9-8 a bugun fenariti, Brian Irvine ya buga na ƙarshe. A ranar rufe kakar 1991 Aberdeen ta je Ibrox canjaras kawai take nema ta zama zakara, Mark Hateley ya zura mata biyu. Wannan ne kusa na ƙarshe. Daga kakar 1985-86 zuwa 2024-25, kaka 40 cur, Celtic da Rangers kaɗai suka ɗauki gasar.

Waɗanne ranaku ne 'yan adawa za su riƙa jefa ni da su?

Gara ka sani tun kafin a gaya maka. A 1995 sai da aka buga wasan cike gurbi da Dunfermline kafin a tsira. A 2000 ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburi, abin da ya cece ta shi ne ana faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 12, kuma filin Falkirk bai cika sharaɗin kujeru 10,000 ba. A wasan ƙarshe na kofin waccan shekarar Leighton ya ji rauni tun farkon wasa, babu gola a benci, ɗan gaba Robbie Winters ya sa safar hannu, Rangers ta ci 4-0. A Nuwamba 2010 Celtic ta zuba mata 9-0. Mafi zafi duka shi ne 23 ga Janairu 2023, da Darvel, ƙungiyar wani ƙaramin gari da ke rukuni na shida, ta fitar da ita daga Kofin Sikotlan 1-0. Kwana biyar bayan nan Hibernian ta ƙara mata 6-0, aka sallami Jim Goodwin kafin 'yan kallo su gama watsewa.

Akwai kuma tsokanar tumaki, don yankin na makiyaya ne. Magoya bayan Aberdeen sun daɗe da karɓe ta, har da tunkiyar roba suke shiga fili. Kada ka ɓata ranka a kanta.

Ina ƙungiyar ta kwana a 'yan shekarun nan?

Derek McInnes ne ya tsayar da ita da ƙafarta daga 2013 zuwa 2021. Ya ɗauki Kofin Lig a Maris 2014, ya kuma ƙare na biyu sau huɗu a jere daga 2015 zuwa 2018. Biyun farko a lokacin da Rangers ke hawowa daga ƙasa ne bayan karyewarta ta 2012, amma biyun ƙarshe tana nan cikin gasar aka sha gabanta, abin da masu rage masa daraja ke mantawa. Bayan tafiyarsa aka shiga canza koci kamar riga: Stephen Glass, Goodwin, Barry Robson, har da Neil Warnock da bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba.

Kakar 2024-25 ta isa misali ga duk mai son fahimtar halin wannan ƙungiya. Jimmy Thelin ya zo daga Elfsborg ta Suwidin, ya ci wasa 13 na farko a jere. A wasanni 11 na farkon lig ya ci 10, ya yi 2-2 a gidan Celtic. Aka fara raɗe-raɗin gasa. Daga nan sai aka jera wasa 14 na lig ba nasara, aka ƙare na biyar. Da aka kai wasan ƙarshe na Kofin Sikotlan da Celtic, bayan Oday Dabbagh ɗan Falasɗinu ya fitar da Hearts a ƙarin lokaci, ba mai ba Aberdeen ko kwabo, don a kakar Celtic ta ci ta 6-0 sau ɗaya, 5-1 sau biyu.

Ranar 24 ga Mayu 2025 a Hampden, filin wasa na ƙasa da ke Glasgow, Thelin ya ajiye salon da ya saba, ya jera mutum biyar a baya. Alfie Dorrington ya ci gida kafin hutun rabin lokaci. A minti na 83 Shayden Morris ya bugo kuros a ƙasa, Kasper Schmeichel ya tura ta cikin ragarsa. Dimitar Mitov ya tare Daizen Maeda ido da ido dab da tashi, sannan a bugun fenariti ya kaɗe na Callum McGregor da na Alistair Johnston. Aka tashi 4-3, Graeme Shinnie ɗan garin ya ɗaga kofin da aka yi shekara 35 ana jira.

Da me zan auna kaka, in ce an yi abin kirki ko ba a yi ba?

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wannan ce cutar Pittodrie. Idan da 1983 za ka auna, kowace kaka asara ce. Mudun da ya dace da aljihun ƙungiyar abu uku ne. Na farko matsayi na uku, wato gaban Hearts da Hibernian, waɗanda su ne sa'o'inta a kuɗi. Na biyu zuwa Hampden a ɗaya daga cikin kofuna biyu. Na uku shiga zagayen rukuni na wata gasar Turai, don kuɗin da ake samu a nan yakan zarce duk abin da lig ke bayarwa. Wanda ya samu biyu cikin uku ya yi aiki. Ƙarewa a rabin ƙasa na teburi kuwa ba ta da uzuri, kuma yawanci kan koci take faɗawa.

Abin da ke ɓata lissafi kusan kullum shi ne Turai ɗin kanta. Wasan Alhamis da dare sannan Lahadi da rana yana buƙatar 'yan wasa kusan 20 masu ƙarfi ɗaya, Aberdeen kuwa takan samu 13 ko 14. A 2023-24 ta doke Eintracht Frankfurt 2-0 a gida, amma a lig ta ƙare a rabin ƙasa.

Mene ne wannan rabon teburi da ake yi a watan Afrilu?

Ƙungiyoyi 12 ne. Kowa ya haɗu da kowa sau uku, wasa 33 ke nan. Sai a tsaga teburi gida biyu, shidan sama da shidan ƙasa, kowa ya ƙara wasa 5 da 'yan gidansu, jimilla 38. Ba a goge maki. Da zarar an tsaga, ba mai ƙetare layi, shi ya sa za ka ga na bakwai ya fi na shida maki amma yana ƙasa da shi. Ba kuskuren manhaja ba ne. Na 12 ya faɗa kai tsaye, na 11 ya buga gida da waje da wanda ya fito daga rukuni na biyu. Wani lokaci lissafin gida da waje ba ya daidaita, sai ƙungiya ta je gidan abokiyar karawa ɗaya sau uku, kuma kowace shekara sai an yi wannan ƙorafin.

Kofin Lig yana farawa tun Yuli da wasannin rukuni, inda canjaras ke zuwa da bugun fenariti, wanda ya ci ya ƙara maki ɗaya. Manyan ƙungiyoyi suna shiga Kofin Sikotlan a Janairu.

Su wa ne abokan hamayya?

Rangers a gaba da kowa. Tushen abin tun zamanin Ferguson ne, ya ƙara tsami a 1988 da Neil Simpson ya yi wa Ian Durrant wani mummunan taku da ya kusa kashe masa sana'a. Ɗan wasan da ya bar Aberdeen ya koma Ibrox ba a yafe masa: Ryan Jack ya gani a 2017, Bojan Miovski ma da ya biyo ta Girona ya sauka can a 2025. Sai Dundee United, wadda su biyu suka karya bakin Glasgow a shekarun 1980. Rikicin Katolika da Furotesta da ke tsakanin Celtic da Rangers ba ruwan Aberdeen da shi, kuma ba a son mai shigo da shi.

Me ya sa duk wanda ya fara haskawa sai a sayar da shi?

Don da wannan ake biyan albashi. Scott McKenna ya tafi Nottingham Forest a 2020, Calvin Ramsay ya tafi Liverpool a 2022, Lewis Ferguson ya tafi Bologna a shekarar, Miovski ya tafi Sifaniya a 2024. Tsarin da Dave Cormack ya kawo tun da ya zama shugaba a 2019, shekarar da aka buɗe filin atisaye na Cormack Park, shi ne a sayo matashi da arha, a yi kaka biyu da shi, a sayar da riba. Inda tsarin ke tuntuɓe shi ne idan aka sayar da mai cin ƙwallo 20 a kaka aka maye gurbinsa da mutum uku masu cin biyar-biyar. Duba ragowar kwantiragin ɗan wasa kafin ka buga sunansa a bayan jesi. Idan saura shekara ɗaya bai sabunta ba, ya yi sallama.

Akwai wata alaƙa da mu?

Akwai, amma ba mai yawa ba. Sone Aluko, wanda ya buga wa Najeriya, ya yi Aberdeen daga 2007 zuwa 2011, kuma shi ya ci ta biyu ranar da aka yi 2-2 da Bayern a Fabrairu 2008. Marigayi Hicham Zerouali ɗan Maroko, mai lamba 0 a baya, har yau ana tunawa da shi a garin. 'Yan Kaduna biyu da suka taka leda a Sikotlan ɓangaren adawa suka faɗa: Efe Ambrose a Celtic da Hibernian, Umar Sadiq aro a Rangers a 2018.

Ta yaya zan kalli wasa daga nan?

Kada ka dogara da gidan kallo. Ƙarfe uku na Asabar a Birtaniya lokacin Firimiyar Ingila ne, mai gida ba zai sauya maka tasha ba. Ƙungiyar tana da tasharta ta intanet, RedTV, wadda ke nuna wasannin lig kai tsaye ga wanda ke wajen Birtaniya da Ailan. Wasannin kofi da na Turai haƙƙin nuna su daban ne, ka duba kowane mako kafin ka sa rai. Kuɗin shiga da katin da ke biya a waje ake biyansa, kuma a nan mutane suka fi maƙalewa, don haka ka gwada katin kwana biyu kafin wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasa ɗaya da hutunsa awa biyu ne, yakan ci kusan gigabait 1 a ƙaramin hoto, 2 zuwa 3 a mai kyau. Idan sabis yana rawa, sauke hoton da kanka zuwa 480 maimakon ka bar shi yana zaɓa, don hawa da saukar ne ke sa shi tsayawa. Wanda ya rasa kai tsaye zai samu taƙaitaccen wasa a shafin YouTube na SPFL, hukumar da ke shirya gasar.

Agogo ma yana ruɗa mutane. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi, wasan ƙarfe uku ƙarfe uku ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris sai ya koma ƙarfe huɗu, wato ka yi la'asar ka zauna, a tashi dab da magariba. A Gana ƙarfe biyu ne da rani nasu, uku da hunturu. A Sudan huɗu ne da biyar.

Idan Allah ya kai ni garin, yaya zan shiga Pittodrie?

Buɗe asusu a shafin ƙungiyar ka sayi tikiti tun da wuri. Wasa da ƙananan ƙungiyoyi ba ya wahalar samu. Na Celtic da Rangers kuwa akan fara da masu tikitin kaka da waɗanda suka saba saye, haka ma tikitin wasan waje, wanda ake rabawa bisa makin da mutum ya tara. Don haka ka fara da wasa biyu ko uku na yau da kullum.

Daga tashar jirgin ƙasa tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa, ka hau Union Street ka miƙe King Street, ka bi masu jan gyale. Jirgi daga Glasgow ko Edinburgh kusan awa biyu da rabi ne. Filin ɓangare huɗu ne. Richard Donald, mai hawa biyu da aka gina a 1993 ta gefen teku, ya fi kyan kallo, a gabansa kuma aka kafa mutum-mutumin Ferguson a 2022. Merkland, wanda ake ce wa Red Shed, na masu tsayuwa da ihu ne, ba wurin zuwa da ƙaramin yaro ba. Main Stand tsoho ne, da ginshiƙan da kan tare ido. South Stand kuwa a nan ake ajiye baƙi ta ƙarshensa, kuma kusurwarsa ba rufi.

Sanyin ba irin hunturun da ka sani ba ne, iska ce mai laima da ke tasowa daga teku taku kaɗan daga fili. Sa riga uku a jere maimakon ƙatuwa ɗaya, safa biyu, hula mai rufe kunne da safar hannu. A Disamba rana takan faɗi wajen uku da rabi, ke nan magariba tana shiga kafin a je hutun rabin lokaci, sai ka shirya alwalarka da lissafinka tun daga gida. Ba a shan giya a wurin zaman 'yan kallo, doka ce tun bayan tarzomar wasan ƙarshe na Kofin Sikotlan na 1980. Abin da za ka lura da shi shi ne abinci. Kek ɗin nama da ake sayarwa a fili kada ka ɗauka halal ne, kuma burodin garin da ake kira rowie bisa al'ada da kitsen alade ake yin sa, har kek ɗin taliya ma ka tambayi da wane mai aka kwaɓa ɓawonsa. Shayi da soyayyen dankali sun fi sauƙin sha'ani. Kuma duk abin da ka saya ka riƙe shi kusa da ƙirji, don tsuntsayen teku na Pittodrie daga hannun mutum suke fizgewa.